Tashin Sukari na Biyu

An sha faɗa a gabana cewa hannun da ba na Italiya ba ba zai taɓa yin gawayin sukari ba. Manajoji sun faɗa, masu girki sun faɗa, har Malam Hadi mai kula da sito, Bazazzagi kuma tsarana, yakan ce, "Alhaji, da alewar madara aka san ka, bar wa masu abu abinsu." Ranar da wannan magana ta rushe ba ta taɓa barin raina ba, ko da yake ba da farin ciki nake tuna ta ba.

Na yi aiki a sashen kayan zaƙi na wani otal a unguwar Deira ta Dubai, ina mataimaki na ɗaya ga shugaban sashen, Shef Ottavio, dattijo mutumin Italiya. A ƙasarsu yara kan rataye safa, idan gari ya waye ranar shida ga Janairu su tarar an cika ta da alewa, a ce musu wata tsohuwa mai hawa tsintsiya ce ta kawo. Wanda ya yi rashin ji, gawayi ake sa masa. Da yake babu yaron da ke shekara bai yi laifi ba, kowace safa sai an jefa mata gawayi, amma na sukari: baƙi ƙirin, mai ramuka, marar nauyi, wanda in ka gan shi a murhu ba za ka bambance ba. Al'adarsu ce, ni nawa sukari ne da wuta.

Iyalan Italiya mazauna Dubai a wurinmu suke karɓar safar 'ya'yansu. Alewar zuma da ta cakulan ni nake yi. In an zo gawayi kuwa, sai Shef ya kore mu duka ya kulle ƙofa. "Alaji, yalla, maza waje. Wannan na kakata ne."

A ƙarshen Disambar 2020 korona ta kwantar da shi a asibiti. Manajar otal ta kira ni ofishinta ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, Alhaji, a sayo na kanti." Na amsa mata cikin ladabi cewa na kanti dutse ne mai karya haƙori, kuma Shef ya riga ya yi wa mutane alkawari da bakinsa. Ta ba ni zuwa yammacin Litinin.

Kayan haɗin na san su, domin ta hannuna ake ɗauko su daga sito: sukari, farin ƙwai, lemun tsami da baƙar kala. Nakan dafa sukarin sai ya yi ƙauri, in zuba kwaɓin ƙwan a ciki, nan take ya taso kamar madara, ni kuwa in yi maza in juye a tire. Kafin in ajiye tukunya ya sace, ya daskare. Na canza wuta, na canza awo, duk ɗaya. Malam Hadi ya ƙwanƙwasa tiren da ɗan yatsa ya ce, "Wannan ai kwalta ce. A aika Zariya, muna da ramuka a titi."

Ba a barin kowa ya shiga wurin masu korona, don haka na buga waya, wata nas ta riƙe masa. Na gaishe shi, na faɗi matsalata.

"Jira ni, Alaji," in ji shi. "Jibi zan fito."

Washegari na sake kira, ya maimaita maganar, numfashinsa yana yankewa. A nan na fahimci abin da nake roƙonsa. Muddin sirrin yana bakinsa, to akwai tukunyar da ke jiransa a Deira. In ya faɗa, ya yarda ke nan ba zai dawo ba. Na ji kunyar nacin da na yi, na yanke shawarar in gaya wa manaja a sayo na kantin.

Ranar Litinin bayan azahar, ina shirin hawa ofis, sai ga kiransa.

"Alaji, ɗora tukunya."

Na ce, "Shef, ka huta. Mun samu mafita."

"Mafitarka kwalta ce, Hadi ya gaya mini. Saurara. In ya taso, kada ka taɓa shi, ƙarya yake yi. Bar shi ya faɗi, ya kwanta. Zai sake tasowa. Na biyun za ka juye."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. A kan wannan nake korar ku." Ya fara dariya, ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ka sa babba a tawa safar. Bana na yi rashin ji."

Na ce, "Sai dai ka zo ka karɓa da hannunka."

Na ɗora. Sukari ya taso, na riƙe hannuna. Ya faɗi, na jira. Ya sake tasowa a hankali, na juye. Da ya huce na fasa shi da guduma, ga gawayi nan, ramukansa cif. Malam Hadi ya ɗauki ɗan guntu ya juya shi a tafinsa, ya koma sito.

Kowane yaro ya samu safarsa a kan lokaci. Ta Shef na kai ƙofar asibiti da kaina, aka dawo mini da ita a ɗaure, domin an riga an sa shi a na'urar numfashi. Bai kai ƙarshen watan ba. Ba a jima ba otal ya haɗe sashenmu da na burodi, ni kuma na ajiye aiki na dawo Kano. Ban sake yin gawayi ba.

Ku da kuke tasowa a wannan sana'a, za ku haɗu da manya masu ɓoye abu. Kada ku yi saurin kiransa rowa. Sau da yawa ɗan abin da mutum ya ɓoye shi ne dalilin da ya sa ake jiransa da safe, kuma bayar da shi ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar rasuwarsa tana wurin hukuma da iyalinsa. Ni wadda nake so a rubuta ita ce ranar da ya kira ni da kansa, alhali ya san ma'anar kiran: Litinin, huɗu ga Janairu, 2021.