Layin da Ake Gani da Tafin Ƙafa

Kafin ɗalibai su farka, kafin masu shara su fara jan tsintsiya a barandar ajujuwa, akwai wata ƙara da ke tasowa daga filin wasanni na jami'armu: ƙii, ƙii, ƙii. Tayar baro ce wadda ta ƙi jin mai. Mai turo ta wani siririn dattijo ne, wandonsa a nannaɗe zuwa ƙwauri, girarsa fara fat kamar ya leƙa buhun gari. A cikin baron akwai farar ƙasa, da igiya naɗe a sanda, da wani tsohon gwangwani da ya huhhuda gindinsa da ƙusa. Sunansa na yanka yana can cikin fayil a ofis. Mu dai Baba Mai Layi muka sani.

Zai kafa turke, ya ja igiya, ya sunkuya, sannan ya dinga tafiya da baya-baya yana kaɗa gwangwanin. A wannan lokacin raɓa ta jiƙa ciyawa, wani farin tururi na tashi daga ƙasa, sai ka ga rabin jikinsa kawai yana shawagi, layi na fitowa daga hannunsa yana miƙewa har inda ido ya gaza. Na sha tsayawa ina kallo har in manta abin da ya fito da ni. In rana ta ɗaga, 'yan ƙwallo da masu gudu su zo su tattake aikin, su tafi. Washegari ya sake, ba tsaki ba ƙorafi.

Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, aikina kullum in ce wa mutane su yi shiru. To yau ni ce mai surutun, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga mini yatsa. Ƙarshen watan nan Baba zai yi ritaya, kuma wallahi ba zan yarda ya fita ta ƙaramar ƙofa shiru ba, yadda ya saba shigowa.

Ga wanda bai san gidan ba, tsarin jami'armu ya raba wasanni gida biyu. Akwai na gasa, wato 'yan wasan da ke sa rigar jami'a su je su kara da sauran jami'o'i. Akwai kuma na motsa jiki, namu na 'yan kawai, masu tumbi da masu ciwon gwiwa. Da can kowa shiga yake yi yadda ya ga dama, har ranar da wata mai gudu ta yi karo da wani malami yana tafe yana waya a tsakiyar titin tsere, ta karye a hannu. Sai majalisar jami'a ta yi doka: safe da yamma fili na 'yan gasa ne, sauran jama'a su zo da tsakar rana. Ban ce sun yi zalunci ba, yaran nan suna da haƙƙinsu. Amma don Allah wa zai fito motsa jiki rana na tsakiyar ka? Ko ƙadangare inuwa yake nema a lokacin.

A shekarar ne ciwon ido ya gama cinye ganin maigidana. Malamin tarihi ne, mutumin da in ya fara magana sai an roƙe shi ya tsaya, sai ga shi ya koma kujera ɗaya a falo, rediyo a kan cinya, ko labulen taga ba ya so a ɗaga. Hawan jini ya biyo baya. Likita ya kira ni gefe ya ce, "In bai fara tafiya kullum ba, zuciyar ba za ta jira ki ba." Na dawo na faɗa masa, na miƙa masa hannu. Ya janye nasa.

"Ni ba akuya ba ne da za a riƙa ja na a gaban ɗalibaina," in ji shi.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da yayansa. Da ƙyar wata safiya ya yarda muka je fili. Mai gadi ya tare mu cikin ladabi, har da rusunawa, ya ce doka ce, mu yi haƙuri. Muka zauna a bencin da ke jikin siton kayan wasanni, ni ina haɗiye hawaye, shi yana cewa, "Ai na faɗa miki." Ashe Baba na cikin siton yana tankaɗe farar ƙasa, duk yana jin mu. Ya fito yana karkaɗe hannu.

"Malam, ƙafar tana ji?"

"Ido ne ya tafi, Baba, ƙafa na nan."

"To ai da sauran magana. 'Yata, ki dawo da shi jibi. Kada ya sa takalmi mai kauri."

Jibin muka tarar da abin da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Can wajen titin tsere, a kan ciyawar da ba ta kowa ba, inda doka ba ta kai ba, Baba ya ja wani layi ya kewaye filin duka. Amma wannan ba irin sauran ba ne. Ya cuɗa farar ƙasar da yashi mai tsakuwa, ya zuba shi da ɗan tudu, ya daddanne. Ya kama idon sawun maigidana, ya ɗora tafin ƙafarsa a kai.

"Ka ji shi?"

"Na ji."

"To shi ke nan, naka ne. Ka ajiye shi a ƙarƙashin ƙafar dama, zai kai ka ya dawo da kai nan. 'Yata, sake shi."

Na sake shi. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya laluba, ya ƙara. Tururin safiya ya haɗiye shi har na daina ganin komai sai farar rigarsa tana nisa. Da ya zagayo ya fito ta ɗaya ɓangaren, shi kaɗai, gumi na zuba, baki har kunne, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, can wajen bishiyar nan layinka ya ɗan yi ciki." Baba ya ce, "Ka ji mutum! Yau ya fara aiki, har ya zama sufeto."

Kai ne, Baba, ka dawo mini da mijina. Ba ka taɓa cewa ka yi wani abu ba, shi ya sa nake faɗa maka a gaban jama'a.

Layin kowa, haka Baba ya sa masa suna, kuma kowan ya zo. Mai dafa abinci a kantin ɗalibai, wadda gwiwa ta dame ta, ta fara bin sa tana jan carbi. Wani akawu mai tumbi ya shigo yana haki. Mai gadin da ya tare mu ma sai ga shi in ya miƙa aiki. Da sassafe za ka gan su a jere cikin tururin nan, ba mai gaggawa, ba mai usur, 'yan gasa na wucewa fuu ta ciki, su kuma suna tafiya a hankali ta waje kamar masu tafiya cikin barci. Kocin 'yan gasa ya gaya mini da bakinsa cewa sau da yawa yakan iske Baba durƙushe yana tsince ƙaya da fasassun kwalabe daga ciyawar da hannu, don ya san akwai masu bin ta ba takalmi.

Akwai kuma yarinyar da yanzu ake kira Barewa, wadda hotonta ke manne a ƙofar ofishin wasanni. Ita ta ba ni labarin da kanta. Ta ce kunya ce ta hana ta zuwa gwajin shiga ƙungiya, sai takan zo layin kowa ta yi gudunta kafin gari ya gama wayewa. Maigidana ya ji saukar ƙafarta ya ce wa Baba, "Wannan da ta wuce, ƙasa ba ta riƙe ta." Baba bai yi wata-wata ba, ya je ya jawo hannun rigar koci. Kofin da muke taƙama da shi yau, daga wajen fili ya shigo.

Bana aka ba jami'armu karɓar baƙuncin gasar jami'o'i. Murna ta cika gida. Aka ce za a shimfiɗa roba a titin tsere, a kewaye fili da shingen waya mai ƙofa da kwaɗo. 'Yan kwangila suka zo da yamma suka kakkafa turakun alamar shingen, kuma ba da mugunta ba, turakun suka faɗa daidai kan layin kowa. A zanen da aka ba su babu wani layi a wurin. Da safe maigidana ya taho da ƙarfinsa kamar kullum, ya yi tuntuɓe da turke, ya kife. Goshi ya fashe, amma ba goshin ne ya tayar mini da hankali ba. Ya koma kujerar falo, ya ɗauki rediyonsa, ya ce in saki labule. Maganar likita ta dawo mini sabuwa.

Ni da na so in je ofishin daraktan wasanni in zazzage masa abin da ke bakina, kuma kun san bakin. Baba ya hana ni. Al'adar jami'a ce duk mai ritaya a ba shi agogon bango. Sai ya sa rigarsa ta fita kunya, ya je ya sami darakta, sakatariya na ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, agogon nan a bar shi, wanda ya daina aiki me zai yi da ƙarfe nawa? Abu ɗaya nake roƙo a madadinsa. Ka zo gobe da sassafe ka zagaya layina sau ɗaya, ba takalmi, ido a rufe."

Darakta tsohon ɗan ƙwallo ne, yana ɗan ɗingishi, kuma mutum ne mai raha. Ya yi dariya ya ce ya taɓa jin masu roƙon ƙarin girma, bai taɓa jin mai roƙon a cire takalmi ba. Amma ya zo. Baba kuma ya biyo ta gidanmu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, na yi baƙo wanda bai san hanya ba. In ba ka zo ba, zai karye a hannuna." Maigidana ya ajiye rediyon, ya ce in miƙo masa farar rigar.

Haka suka shiga tururin, makaho a gaba, darakta a baya ya dafa kafaɗarsa, idonsa a runtse. Ina jiyo muryar maigidana daga nesa: "Turke a nan, ɗaga ƙafa. Wani kuma." Mai dafa abinci da akawu da mai gadi suka bi bayansu. 'Yan gasa ma suka tsaya da atisaye, suka jeru a bakin titi suna kallo. Da suka dawo, darakta ya buɗe ido, ya daɗe yana duban ƙafafunsa da suka yi fari. Ya ce, "Malam, kullum haka kake yi kai kaɗai?" Maigidana ya ce, "A da dai, kafin turakun nan." Darakta ya sunkuya ya tumɓuke turken da ke kusa da shi.

An matsa da shingen ciki. 'Yan gasa sun sami robarsu da ƙofarsu da kwaɗonsu, layin kowa ya tsira a waje, kuma darakta ya kai wa majalisa buƙatar a rubuta shi cikin tsarin wasanni, don kada wani zane ya sake mantawa da shi.

Sai dai akwai abin da Baba ya ɓoye mana, maigidana ne ya gano shi da ƙafa. Layin ya daɗe da fara karkacewa. Shekarun da ya yi sunkuye a kan ƙurar farar ƙasa, da tsufa, sun sa yanar ido ta fara rufe masa gani, igiyar ma da ƙyar yake hango ta. Shekaranjiya ruwan sama ya wanke farin layin, ya bar tudun yashin kawai. Na iske Baba tsaye da gwangwani a hannu, yana dube-dube, ya rasa ta inda zai fara. Maigidana ya laluba da ƙafa ya hau tudun, ya ce, "Baba, dafa ni."

Baba ya yi 'yar dariya. "Malam, yau kai za ka ja ni?"

"Ai ba ja ba ne. Rakiya ce."

Suka tafi, ɗaya na jin hanya, ɗaya na zuba mata fari, Barewa na biye da baro tana koyon yadda ake cuɗa yashin, tayar na kukanta. Na tsaya a jikin sito na yi kukana ni ma, ban ɓoye ba.

Baba Mai Layi, mai gyara wa wasu hanya da baya-baya, mun gode. Kai ne ka tuna cewa wanda ba zai taɓa ɗauko kofi ba shi ma yana da zuciyar da ke son bugawa. Allah ya ba ka lafiyar idon, ya sa ka huta da daɗi, ya miƙe maka hanya yadda ka miƙe wa bayinsa. Ku kuma masu zama a majalisu kuna tsara wa jami'o'i wasanni, ku gina wa zakarunku fili, sun cancanta, amma ku bar mana taku ɗaya a gefe, kuma ku nemi mai kula da shi. Sauranmu, kowa ya duba wurin aikinsa, da wuya a rasa wanda ke zaune a benci an ce masa doka ce.

Litinin mai zuwa, Baba, ba baro ba gwangwani. Maigidana ya ce in faɗa maka zai jira ka a bakin sito da sassafe, kuma kada ka sa takalmi mai kauri.