Malam Isiyaku da Rubutun Yayana

Ina maƙera da hantsi, na sa garma a wuta, wani manomi daga wajen Yasore ya yi sallama. Muka gaisa, na tambaye shi gida da mutanen garinsu. Ya ce duk lafiya, sai dai rashin da suka yi jiya: Allah ya yi wa Malam Isiyaku mai rubutu rasuwa, an kai shi makwancinsa bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Garmar nan ta zauna a wuta har bakinta ya ƙone ban sani ba. Mutumin ya ɗauka Malam ɗan'uwana ne, ya shiga ba ni haƙuri. Na kasa gaya masa cewa shekara goma sha tara ke nan ina da maganar da zan kai wa Malam, ban kai ba.

Sunana Tanko, maƙeri ne ni a Zakka, ubana ma maƙeri ne. Halina kowa ya san shi, ba na saurin yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba. Duk da haka na daɗe ina ganin girman Malam Isiyaku tun yana zaune a garinmu, kusa da ƙofar gabas, domin bai taɓa cika baki a kan aikinsa ba. Na ga ranar da aka kawo masa wani da ya faɗo daga kan rimi, ƙafa ta karye, danginsa na roƙon a yi tofi. Malam ya duba ƙafar ya ce, "Wannan aikin maɗori ne. Ku kai shi can yanzu, ni in biyo ku da addu'a." Mai ƙurji yakan tura shi gun wanzami. Idan kuma aka yabe shi don wani ya sha rubutunsa ya tashi, sai ya ɓata rai ya ce shi dai rubutu yake yi, Mai warkarwa daban ne.

Waɗanda ya fi daɗewa da su masu ciwon zuci ne: matar da ta daina cin abinci bayan mutuwar ɗanta, ko mutumin da ya tsira daga harin Maraɗawa ya dawo yana firgita da ƙarar kofaton doki. Irin waɗannan sai ya zauna da su daga azahar har la'asar yana saurare, sannan ya ɗauki allo ya rubuta 'yan ayoyi. Nakan tsokane shi in ce rabin maganinsa kunne ne. Sai ya yi dariya ya ce ɗaya rabin kuma gawayina ne, tunda a maƙerata yake ɗiba ya haɗa tawada.

A lokacin ina gaba da yayana Audu. Da mahaifinmu ya rasu, rigima ta tashi a kan uwar maƙera, babban ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, alƙali ya ba shi ita don shi ne babba. Na ɗauki masabata, gudumar ƙirata, na fita daga gidan, na kafa tawa maƙerar a wancan gefen gari. Shekara bakwai ko sallamarsa ban amsa ba. A masallaci ma idan na ga sahu zai haɗa kafaɗata da tasa, sai in ja baya. Malam ya yi mini magana sau biyu, na ce masa to, na ci gaba da abina.

Sai cutar agana, mai fesar da ƙuraje, ta shigo gari da bazara. Aka yi bukkoki a bayan ganuwa, duk wanda ta kama a kai shi can, a riƙa ajiye masa kunu daga nesa a gudu. Yaya ya kamu. Na ji labarin matan gidan sun kira 'yan bori a ɓoye, ba kiɗan garaya ba kaɗa buta don tsoron alƙali, an yanka jan zakara, jiki bai yi sauƙi ba. Ina jin duk wannan ina ƙirata. Rannan sai ga Malam da kansa ya shigo maƙera, riƙe da ƙoƙo rufe da faifai.

Ya ce, "Tanko, na je na ga Audu, na yi mashi rubutu. Amma wanga rubutu ba ya ci sai ɗan'uwa na jini ya ba da shi da hannunshi, sau ukku a yini, cikin kunu mai ɗumi."

Na ce ai Yaya yana da 'ya'ya, su kai masa. Malam ya ce babu wanda ya taɓa yin agana a cikinsu, ni kuwa ga zanzana nan, tabon aganar da na yi, cike da fuskata tun ina ƙarami, kuma agana ba ta kama mutum sau biyu. Ya ajiye ƙoƙon a gabana ya fita, bai jira amsata ba. Na zauna ina hararar ƙoƙon nan har wuta ta mutu. Abin da ya tashe ni tsoro ne, kada Yaya ya mutu a ce ni na riƙe maganinsa.

Na tarar da shi kwance a kan tabarma, ƙuraje sun rufe masa idanu, ƙudaje sun cika kunun jiya. Na ɗago kansa zan ba shi rubutun. Ya lalubo hannuna, ya shafa tafin, ya ce, "Wanga hannun maƙeri ne. Tanko, kai ne?" Na ce ni ne, Yaya, sha. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa bukkar nan. Kullum da safe in biya gidan Malam in karɓi sabon rubutu, in dama kunu, in ba shi, in zauna ina kore masa ƙuda da reshen sabara. A kwana na huɗu ya ce in je in ɗauki uwar maƙera, na ce ba na so, muka yi ta musu kamar dā, sai dai yanzu kowa tura wa ɗan'uwansa yake yi. Muka tuna Baba da yadda yake haɗa mu ya zane idan ɗaya ya yi laifi. Har na sa rai zai tashi. Ya cika da la'asar, kansa a kan cinyata, ina laƙƙana masa kalmar shahada.

A maƙabarta, bayan an rufe shi, na juya na ga Malam yana shafa addu'a. Zuciya ta ɗebe ni. A gaban dattawan gari na ce masa ya sa na yi ta ɗura wa ɗan'uwana ruwan tawada, na kira shi mayaudari, na ce da shi da 'yan bori duk tafiyarsu ɗaya. Malam bai ce komai ba sai, "Allah ya ba ka haƙuri, Tanko." Bayan damina biyu ya tashi da iyalinsa ya koma Yasore. Har yau ban sani ba ko maganata tana cikin abin da ya tashe shi.

Mutane sukan tambaya ko rubutun malamai yana warkar da cuta. Ni maƙeri ne, ba ni da amsa. Na ga waɗanda suka sha suka tashi, na ga waɗanda suka sha aka binne su. Abin da na gani da idona shi ne, a bukkokin nan da yawa sun mutu su kaɗai, sai wari ya sanar da mutane. Yayana bai mutu haka ba, kuma bai mutu muna gaba ba. Na daɗe kafin in gane haka, da na gane kuwa sai kunya ta riƙe ni. Duk shekara nakan ce bayan kaka zan je in nemi gafarar Malam. Kaka ta wuce in ce hanya ba lafiya, hanya ta yi lafiya in ce aiki ya yi yawa.

Bayan labarin da manomin nan ya kawo mini, na isa Yasore ranar sadakar uku. Zaure cike da jama'a, babban ɗansa Malam Sani yana karɓar gaisuwa. Da na faɗi sunana sai ya gyara zama, ya ce ni ake jira, Malam ya bar saƙo, kuma ya ce a faɗa a gaban mutane tunda haƙƙi ne.

Ya ce, "Baba ya ce tun ranar da ya ga yayanka ya san da wuya ya tashi. Kuma maganar da ya gaya maka, cewa rubutu ba ya ci sai daga hannunka, ba ta cikin wani littafi, shi ya ƙago ta don ka je. Ya ce ƙarya ce ya yi maka, ya sa maka rai, kuma ita ta fi damunshi cikin abin da zai tarar a lahira. Yana roƙon ka yafe mashi."

Na ce na yafe duniya da lahira. Sannan na tambaye shi ko Malam ya ce wani abu a kan zagin da na yi masa a maƙabarta. Malam Sani ya dubi ƙannensa, suka dube shi. Ya ce, "Baba Tanko, wane zagi? Bai taɓa gaya muna ba." Na yi kuka a zauren nan kamar ba dattijo ba.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa marasa lafiya zuciya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya albarkaci Malam Sani da ƙannensa, ya tsare musu bayansu. Allah ya jiƙan Yaya Audu da iyayenmu baki ɗaya. Ya Ubangiji, idan an rubuta wa bawanKa wannan magana a cikin laifinsa, ni aka yi wa, kuma na yafe, Ka shafe masa ita. Ni kuma da na makara, Ka haɗa ni da shi inda zan roƙe shi da bakina. Amin.