Lauratu Mai Guɗa da Ɗan-Tulu

A zamanin da gyaɗa ta fara daraja a ƙasar Gumel, an yi wata mata a Sule Tankarkar ana ce mata Lauratu mai guɗa. 'Yar Gagarawa ce, aure ya kawo ta. Gajeriya ce marar jiki, amma Allah ya zuba mata murya. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a gidan biki, masu jan ruwa a rijiyar bayan gari sukan san an kawo amarya. Ko gaisuwar safe ta yi, sai kajin maƙwabta sun watse. Mijinta Ilu, mai kora jakuna zuwa Maigatari ya ɗauko kanwa, yakan ce shi bai taɓa ɓatan hanyar gida ba, muryar matarsa yake bi.

Wata kaka suna cirar gyaɗa, ta ɗaga harawa sai ga ɗan zomo a laɓe, bai wuce tafin hannu ba. Ilu ya ce ko romo ba zai yi ba, a ƙyale shi. Lauratu ta naɗe shi a bakin zane ta kai gida.

Tana ajiye shi a tsakar gida ta yi masa maraba da muryarta ta kullum, ya ruga ƙarƙashin rumbu ya wuni. Da ta zura hannu ta kamo shi, sai ya sandare, zuciyarsa na bugawa a tafinta. Ta ba shi dusa ya ƙi, ta ɗiga masa nonon akuya ya kau da kai. Abin ya ɓata mata rai, don ba a taɓa ƙin tuwonta ba.

Ilu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk abin da ya kawo hannu daga sama, a wurin zomo shaho ne. Balle shahon da ya zo da kakaki a baki."

Ta harare shi, amma ta ji. Ta samo tsohon tulu mai fasasshen baki ta kwantar a gindin rumbu, ta zuba ƙaiƙayi, ta cusa tsohon ɗankwalinta don ya saba da ƙamshinta. Ta daina kama shi. Sai ta ajiye ganyen wake a bakin tulun, ta zauna a ƙasa ta ba shi baya tana kaɗi, kamar ba ta san da shi ba. Mafi wuya kuwa, ta koma raɗa.

Nan gari ya rikice. Murja maƙwabciyarta ta shigo da tsamiya da barkono, wai maganin dashewar murya. Wata ta zo sasanta su da Ilu, a zatonta yaji ake shirin yi. Shi kuwa Ilu ya ce a bar masa matarsa haka, bai taɓa samun barcin rana irin wannan ba.

A hankali ganyen ya riƙa ɓacewa in ta juya. Sai hanci ya fara leƙowa, sannan kunnuwa. Kullum tana matso da ganyen kusa da tabarmarta, har wata hantsi ta ji ana jan bakin zanenta. Ta danne murnarta da ƙyar, hawaye na zuba, mazari na juyawa. Daga ranar aka sa masa suna Ɗan-Tulu. Kafin sanyi ya wuce yana cin ganye a hannunta, yana korar 'yan tsaki daga kaskon dusa, ya kuma cinye rabin igiyar mangalar Ilu.

Ana nan sai bikin ɗan Murja ya matso, kuma danga ɗaya ce tsakanin gidajen. Lauratu ba za ta ƙi guɗa ba, ba ta kuma son wahalarta ta tashi a banza. Sai ta riƙa zuwa can nesa da tulun ta yi 'yar guɗa siririya, ta dawo ta ba shi ganye. Gobe ta matso, ta ƙara murya, ta ba shi ganye. Da farko yakan faɗa tulu, daga baya sai ya tsaya da kunnuwa a miƙe yana jira.

Ranar da aka kawo amarya, Lauratu ta saki muryar da ta tara tun kaka. Ba ta rufe baki ba sai ga Ɗan-Tulu ya kutso ta ƙarƙashin danga, ya ratsa ƙafafun mata, ya tsaya gabanta da ƙafa biyu. Dangin amarya suka watse da salati, har amarya ta ɗaga lulluɓi ta leƙa.

"Ku zauna, ba aljani ba ne," in ji Murja. "Ladansa ya zo karɓa."

Dole aka tsinko masa ganye kafin a ci gaba da biki.

Da damina ta kankama, Ɗan-Tulu ya fara fita gonakin bayan gari. Yakan kwana ya dawo, daga baya ya riƙa daɗewa, har ya daina zuwa. Lauratu ba ta bari a je nemansa ba, ta ce ya girma, ya san dawa. Ta yi ta guɗa har haƙoranta suka zube, yawancin amaren garin na lokacin da muryarta suka shiga ɗaki.