Malama Zo-Mu-Zauna, Wadda Ta Mayar da Iyaye Aji

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya Malama Zo-Mu-Zauna a shekarar 1954, a wani gari da ke bakin layin dogo, cikin gidan da yake fuskantar tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana da yake wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya, mahaifiyarta kuwa tela ce wadda ƙarar kekenta ba ta taɓa hana ta hira da baƙo ba. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma 'yan'uwanta sun shaida cewa ba a taɓa kaurewa da faɗa a gidan ba face ta shiga tsakani, ko da kuwa ita za ta kwashi dukan da aka nufi wani da shi. Laƙabin da aka san ta da shi ba na yarinta ba ne. Ɗalibai ne suka raɗa mata daga baya, ya bi ta har ya danne sunanta na asali.

Karatu da Fara Aiki

Ta shiga makarantar firamare a 1961, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1968, inda ta yi fice a ilimin halittu da kuma yawan tambayar da ke sa malamai duban agogo. A 1973 ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ta kammala da kyakkyawan sakamako a 1976, aka tura ta sashen yara na babban asibitin garin, inda ta yi hidimar shekara goma sha ɗaya.

Aure da Zuri'a

A 1978 ta auri wani ma'aikacin awon filaye, mutum mai barkwanci wanda yakan gaya wa abokansa cewa shi ba mata ya aura ba, asibiti guda ya ɗauko, saboda yadda maƙwabta suke sallama da yara a kafaɗa tun kafin ya sha shayinsa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1979 da 1990.

Ɗakin Shan Magani na Makaranta

A 1987 aka mayar da ita wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo domin ta kula da ɗakin shan magani, wanda bai wuce gado ɗaya da kabad da benci da taga mai kallon filin wasa ba. Ba ta daɗe ba ta lura da abin da ya sauya alƙiblar rayuwarta: yara 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha huɗu suna yi mata tururuwa da ciwon ciki da ciwon kai, musamman safiyar Litinin da makon jarrabawa, alhali ma'aunin zafi bai nuna komai ba. Maimakon ta miƙa ƙwaya ta sallami yaro, sai ta riƙa matsawa gefen benci tana cewa ya zo su zauna. A kan bencin nan ta ji labarin rabuwar iyaye, da tsangwamar 'yan aji, da fargabar sauyin jiki a lokacin balaga, waɗanda yaran ba su da sunan da za su kira su da shi sai ciwon ciki.

A 1989 aka kawo mata wata yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda 'yan ajinsu suke kira Sarauniya saboda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba, bayan ta suma a zauren jarrabawa karo na uku. Da Malama ta zame mata ɗankwali domin ta sha iska, sai ta tarar da fili fetal a tsakiyar kanta, inda yarinyar take tsige gashinta da hannunta. Ta aika a kira mahaifin yarinyar, wanda direban bas ne. Ya iso a fusace, ya bar motar a bakin ƙofa cike da fasinjoji, yana faɗin cewa shagwaɓa ce kawai, shi da ya wuni a kan titi bai suma ba. Malama ta roƙe shi abu guda, wato ya zauna kada ya ce uffan har sai 'yarsa ta gama magana. Yarinyar ta dubi mahaifinta ta ce:

"Baba, ranar da na kawo sakamako ne kaɗai kake yi mini dariya. Ina tsoron in zo ta biyu ka daina."

Direba ya miƙe, ya fita ya ba fasinjojinsa haƙuri ya haɗa su da wata motar, sannan ya dawo ya zauna a kan bencin har aka tashi makaranta. Malama, wadda ta san iyakar aikinta, ta haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa, kuma kafin ƙarshen shekara gashin Sarauniya ya tofo. A zangon da ya biyo baya yarinyar ta zo ta huɗu, mahaifinta ya zagaya da ita unguwa a gaban mota yana danna ham kamar an ci kofi.

Kafa Ajin Iyaye

Wannan lamari ya tabbatar mata cewa magana da yaro kaɗai rabin aiki ce. A 1991 ta tafi kwas na shekara guda a fannin ba da shawara, ta dawo a 1992 da tsari mai rassa biyu. Na farko darasi ne na mako-mako ga ɗalibai, inda suke koyon bambanta baƙin ciki da fushi da fargaba, da muhimmancin barci, da wanda ya kamata su tunkara idan abu ya fi ƙarfinsu. Na biyu aji ne na iyaye kowace Asabar, wanda zamansa na farko ya sami halartar mata biyar da direba.

Ba a jima ba jita-jita ta cika unguwa cewa Malama tana kiran 'ya'yan mutane mahaukata, tana kuma koya musu tona asirin gida. A 1993 wani mai sayar da katako ya jagoranci iyaye zuwa ofishin shugaban makaranta suna neman a rufe ajin a kuma ɗauke ta, shugaban kuwa ya bar hukuncin ga babban taron iyaye da malamai. A ranar taron zauren ya cika maƙil, aka yi ta jifan ta da tambayoyi tana amsawa a tsanake, har direba ya ɗaga hannu, bayan ya nemi izinin 'yarsa tun daga gida, ya ba da labarin abin da ya faru da su daga farko har ƙarshe. Ya rufe da cewa:

"Jama'a, ni da ƙara kaɗan na ji a injina na san inda ciwon yake. Shekara biyu 'yata tana ƙara a gabana ban ji ba. Wanda ya tabbata shi yana jin nasa, ya ɗaga hannu a rufe ajin."

Babu hannun da ya tashi. Can sai mai katako ya yi gyaran murya, ya tambaya a hankali ko yaron da ya daina cin abinci ya kuma daina fita ƙwallo yana cikin irin waɗanda ake magana a kansu, domin na wajensa haka yake tun farkon zango. Malama ta ce masa ya zo Asabar, ya taho da mahaifiyar yaron.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta shiga tarihin makarantar. Direba ya yi sawu biyu yana kwaso iyaye kyauta, wasu suka taho da kujeru a ka, manyan mutane da manyan riguna suka cusa kansu cikin teburan 'ya'yansu, har wani ɗan kasuwa mai tumbi ya maƙale sai da aka kira kafinta, ana dariya har da hawaye. Malama ta raba su biyu-biyu, ɗaya ya zama uba ɗaya ya zama ɗan da ya faɗi jarrabawa, kuma waɗanda suka tsaya a matsayin 'ya'ya sun fito suna rantsuwa cewa ba su taɓa sanin haka muryarsu ta iyaye take da kaifi a kunnen yaro ba. Ta hore su da su daina auna yaro da ɗan maƙwabci, su kashe rediyo idan yana magana, ta kuma zayyana musu alamomin da idan an gan su ba sauran jira sai likita. Ɗan mai katako ya koma filin ƙwallo a zango na gaba, mahaifinsa kuma ya ba da katakon da aka yi sababbin bencina da shi.

Bunƙasar Aiki da Ritaya

A 1998 hukumar ilimi ta yankin ta ɗora mata nauyin horar da malamai, ta riƙa zagaya makarantu a bayan babur da a motar haya, tana kafa ajin iyaye a duk inda aka ba ta ɗaki, wani lokaci ma a ƙarƙashin rumfar ajiye kekuna. Daga 2006 ta fara amsa tambayoyin iyaye a gidan rediyo, inda layin waya yakan cushe tun kafin ta gama sallama. Ta yi ritaya a 2014, ta miƙa ragamar aikin ga malaman da ta horar, sai dai barandar gidanta ta ci gaba da cika da iyaye kowace yamma. Maigidanta ya riga ta rasuwa a 2016.

Rasuwa

Allah ya yi mata cikawa da safiyar wata Laraba a shekarar 2022, tana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya. Wasiyyar da ta bar wa 'ya'yanta ita ce kada a ce wa jikokinta ta yi tafiya, a gaya musu gaskiya, kuma duk wanda ya yi kuka a bar shi ya gama. An yi jana'izarta da azahar, jama'a suka cika titi har motoci suka sauya hanya, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan gari. Da aka dawo, babban ɗanta ya tara jikokin a ɗakinta ya cika wasiyyar, sai dai shi ne muryarsa ta fara karyewa, kuma jikarta 'yar shekara goma sha biyu ce ta riƙe masa hannu har ya kai ƙarshen maganar.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Babban Yaya, injiniyan ruwa, Yaya Ƙarama, malamar lissafi, Dogo, mai shagon gyaran waya, da Auta, ma'aikaciyar jinya, tare da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya yalwata makwancinta, ya sanyaya zukatan waɗanda ta bari.