Sallamar da Yake Yi wa Taurari

Ko akwai wanda ya taɓa amsa masa? Har yau ban sani ba. Jiya na buɗe adaka, warin baban rini ya taso daga rigar maigidana, sai ga hawaye. Marini ne a Ƙofar Rini. Kullum bayan magariba yakan ɗaga hannunsa da shuni ya rine, ya yi wa taurari sallama.

Shekarar da Nasara suka kafa wayar tangaraho na ce masa, "Malam, maƙwabta na yi muna dariya. Ka bari."

Ya ce, "Ke, da can wa ya san da Nasara? Ga su da birane, da ƙarfe mai kai magana. Wanda ya ɓoye muna su bayan teku, wuri zai rasa a sama? Akwai mutane can, ƙila har da marinan da suka fi ni."

Yanzu na yarda, ni ke yin sallamar, mai dariya ya yi. Allah ya haskaka kabarinsa, ya nuna masa abin da ya gaskata. Ranar da zai cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Uwargida, kada ki bar mutanen can ba gaisuwa."