Ruwan Tanderun Gwadabe

Gwadabe bai taɓa zaton wuta ce za ta ci da shi ba. A Guri aka haife shi, da taru a hannu ya tashi, sai da ciyawar kacala ta shaƙe ruwan da ubansa ke su sannan ya tattaro ya shigo Haɗeja. Aikin da ya samu a wani asibiti mai zaman kansa shi ne wanda kowa ya ƙi: ƙona shara. Auduga mai jini, bandeji mai mugunya, sirinji, duk a rami yake cinna musu wuta bayan katanga. Hayaƙin ya bar masa tarin da ko liman ya ji a sahu ya san mai shi.

Da aka gina tanderu mai dogon bututu, ƙirjinsa ya sarara. Zafin wutar kuma ba ya tafiya a banza, yana dafa ruwan wani tanki don wankan masu jego. Ruwa daban, hayaƙi daban, ƙarfe ne a tsakani. Gwadabe ya faɗi haka har yawunsa ya ƙafe, amma ba wadda ta ɗiba.

Mai asibitin ya ce shi don ruwan ya yarda aka yi ginin. In ba mai so, zai daina sayen man kunna tanderu, a koma rami.

Gwadabe ya san inda tsiyar ta fito. Yayarsa ce, 'Yar'azumi, mai sayar da ruwan zafi a bakin ƙofar asibitin. Ya same ta tsakanin tukwanenta, mata sun kewaye ta da bokitai.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Ke kika ce musu ruwan jini ne?"

"Ni? Wutar na ce ta jini ce. To sannu, sarkin tanderu, kai ka taɓa ko alwala da shi? Kullum da 'yar butarka daga gida kamar mai tafiya daji!"

Mata suka kwashe da dariya. Abin ya soke shi, don gaskiya ne. Ya san ƙarfe na tsakani, amma shi ke jefa jakunkunan sharar a wuta, hancinsa ya san abin da ke ciki.

Ya taka zuwa famfon tankin, suna biye. Ya tara, ya sirka, ya wanke hannu. Wajen kurkure baki sai da ya runtse ido. Da ya idar da alwalar, wata tsohuwa ta taɓe baki.

"Ɗan masunta ne, fatar kada gare shi."

Suka koma wajen tukwane.

Sai ga shi cikin makon tanki ya fara raguwa. Mai asibiti har da dafa masa kafaɗa. Gwadabe dai bai ga mai jego ko ɗaya a famfon ba, don haka ya yi sammako. Ga 'Yar'azumi a bakin famfon da baro cike da jarkoki, tana tara. Can bakin ƙofa tukwanenta na zaune kan 'yan ƙirare biyu masu hayaƙi, don idon masu saye.

Ko kunya ba ta ji ba.

"Itace ya yi tsada, Gwadabe. Kuma na ga ba ka mutu ba."

Ya buɗe baki zai tara mata jama'a. Idonsa ya faɗa kan tsohon ramin a gindin katanga, baƙi ƙirin, har yanzu ba a cike shi ba. In ta daina ɗiba, can zai koma.

"Tsayuwar me kake yi? Riƙe min bakin jarkar nan."

Ya ja tsaki, ya riƙe.