Fuskar Inna Kulu

A gidanmu na Illela, in an kwashe tuwo, kakata Inna Kulu ba ta barin wutar murhu ta mutu a banza. Sai ta jawo tabarma mu zagaye ta, hasken garwashi na wasa a tsagar kumatunta. Masifaffiya ce, amma in ta fara tatsuniya har maƙwabta leƙowa suke.

Akwai wadda take yi domina, don ba na barin bango ya huta da gawayi. Wai wani mai zanen ƙwarya ne ya ga tsohuwar ƙwarya a kasuwar Ƙonni, aikin wani gwani da ya daɗe da mutuwa. Ya rantse sai ya iya irinta. Damina uku yana gabanta, yana kwaikwayo da tsinke a ƙasa. Ran da hannunsa ya faɗa, ya ruga gona tsinko duma, ya tarar duk sun ruɓe.

"To ya iya," in ji Inna. "Bisa mi za shi yi? Bisa ƙoƙon kainai?" Mu yi ta dariya.

Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Amma da zan tafi Sakkwato koyon zane, ta ce, "In ka iya, ka taho ka yi ni. Hannun jikana ban ƙi ba."

Malaminmu ya ba ni hoton wani tsohon zane na Turawa, wata tsohuwa da fararen kaya, ya ce in zana irinsa. Na ja layuka na raba shi gida-gida. Na koyi shimfiɗa launin ruwan ƙasa tukun, fenti kaɗan-kaɗan a kai, na gane inuwar fuska ba baƙa ba ce. Wata takwas ina kan tamojin goshin matar nan.

Sau biyu Inna ta aiko direban motar Illela: "A ce ma Sani ina jira." Na ce sai na ƙware, kada in ɓata mata fuska. Girman kai ne, na sa masa sunan ladabi.

Ran da aka kira ni, kafin in iso an rufe ta.

Yau mutane na yabon hannuna, ni kuwa haushinsa nake ji. Da gawayin nan na yarinta na je, da ta karɓa, ta zage ni, ta rataye a ɗaki. Na gwada zana ta ya fi a ƙirga. Tsagar kumatun na fitowa daidai. Amma in na ja baya na duba, tsohuwar Baturiyar nan ce ke kallona.